Ranar da Na-Iya Ya Huda Tankin Kifin Surukinsa

Ranar da ake rabon hannun sana'a, Na-Iya yana can gefe yana koya wa mutane yadda ake bin layi, shi ya sa ya tashi da baki kaɗai. Amma fa baki ne na gaske. Ka ce agogonka ya tsaya, kafin ka rufe baki ya ce, "Na iya." Ka ce rediyonka na shaƙewa, "Na iya." An taɓa cewa matar wani tana naƙuda, har ya buɗe baki, sai da aka harare shi sannan ya mayar da shi hamma. Da haka sunan ya bi shi, har na yankan ya ɓace.

Aikinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne, duk layin akwai shaida. Fankar Mai Aski da ya gyara, har yau silin take yi wa fifita. Keken ɗinkin Tela da ya kwance ya mayar, sai ga ƙusoshi huɗu sun yi saura a hannunsa, ya ce kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Wurin aiki uku suka sallame shi, kuma a faɗarsa duk ukun hassada ce.

Surukinsa dattijo ne mai shagon kayan gini. Benen nasa ne: ƙasa shaguna uku, nasa da na Tela da na Mai Aski, sama kuma gidansa. Shekara uku ke nan yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga mutum kamar inuwa. Tun rasuwar matarsa ba abin da ke ɗebe masa kewa sai wani dogon tankin gilashi da ke falo, mai kifi bakwai. Babbar cikinsu wata ja ce mai faɗin wutsiya, ana ce mata Tsohuwa, kuma marigayiyar ce ta zaɓo ta da hannunta. Ko da idon ya tafi, dattijon yakan ja kujera ya zauna yana sauraren ƙarar kumfar ruwan.

Da za a tafi da shi aikin ido, ya sa 'yarsa Auta da mijinta Na-Iya suka dawo gidan da zama. Ya kira surukin nasa, ya girgiza masa makullin shago.

"Ka ji wannan? Ko idon ya gyaru, gwiwa ta riga ta ƙi. Shagon nan yana son mai tsaya masa. Mutane suna ta kawo mini maganarka, ni kuwa ba na yanke wa mutum hukunci da ji. Sati uku zan yi. Ka ba kifin nan abinci safe da yamma, duk sati ka zuƙe kwatan ruwan da tiyo ka zuba sabo. In na dawo na same su yadda na bar su, makullin naka ne."

"Baba, ai kafin ka dawo har ƙiba za su..."

"Ban ce su yi ƙiba ba. Kada ka gyara komai. Maimaita in ji."

"Kada in gyara komai."

"Auta, ke ce shaida."

Auta ta ce to. Shekararta huɗu tana wanke kwanon mutumin da ba ya fita aiki, tana kare shi a gaban yayyenta, saboda haka makullin nan ta fi shi son ya samu. Tsoro kuma ta fi shi ji, don ta san kayanta.

Kwana shida Na-Iya yana lafiya lau, kamar an yi masa magani. Rana ta bakwai ta zo, ranar canjin ruwa. Shi da ba ya iya shan ruwa sai da 'yan kallo, ya leƙa ƙasa ya kira Tela da Mai Aski su zo su ga ilimi. Ya tsoma bakin tiyo a tanki, ya kama ɗaya bakin da leɓe, ya ɗaga musu gira, ya zuƙa da ƙarfin da za ka ce rijiya zai ƙafar. Ruwan bai yi masa gardama ba. Ya zo da ganye, da tsakuwa, da duk abin da kifi bakwai suka tara a sati, ya wuce maƙoshi kai tsaye.

Na-Iya ya durƙusa yana tari, hawaye shaɓe-shaɓe, tiyo na feshi a kan kujera.

Mai Aski ya ce, "Sannu Injiniya. Da gishiri ko babu?"

Tela ya ce, "Bar shi, ai dattijon cewa ya yi a canza ruwa. Ga shi ya canza masa wuri."

Suka sauka suna dariya har suna dafa bango. Kafin azahar labari ya kai ƙarshen layi, mai shayi ma da ya hango shi sai ya tambaya ko a zuba masa ne ko ya ƙoshi.

Da mai hankali ne, da ya haɗiye kunyar kamar yadda ya haɗiye ruwan. Na-Iya kuwa ya zauna gaban tanki ya harɗe ƙafa, ya shiga abin da yake kira tunani. Can ya daki cinya.

"Auta! Laifin ba nawa ba ne, na wanda ya ƙera tankin ne. A wannan zamanin a ce mutum da darajarsa yana zuƙar ruwa da baki kamar ɓarawon mai? Famfo zan sa masa. Huda ɗaya a gefe, can ƙasa. Ka murɗa, ruwa ya fita. Baba ya dawo ya ga ci gaba."

Auta ta ajiye tsintsiya. "Maigida, me Baba ya sa ka maimaita?"

"Cewa ya yi kada in gyara. Wannan ƙari ne."

"Don girman Allah, ni zan riƙa zuƙar ruwan. Kai dai ka zauna. Zaman kawai ake nema a wurinka, ka kuwa iya shi."

"Matsalarku ke nan, ba ku da hangen nesa."

Tsallaken titi akwai Mai Gilashi, mutum mai shekara talatin yana yanka gilashi, yatsunsa duk tabo. Na-Iya ya je wurinsa, wai zai ji ra'ayin ɗan'uwansa ma'aikaci. Mai Gilashi ya saurare shi bai ɗago daga aikinsa ba.

"Ana hudawa," in ji shi. "Amma sai ka kwashe kifin, ka zubar da ruwan, ka kwantar da tankin. Akwai bakin huda na musamman mai yashin lu'ulu'u, ba ya sara, gogewa yake yi a hankali. Ba a dannawa. Kuma dole ruwa ya riƙa kwanciya a wurin don kada ya yi zafi."

"Duk na sani."

"To ga wanda ba ka sani ba. Duba kusurwar gilashin. In ka ga ɗan tambari, gasasshe ne, irin na tagar mota. Shi ba ya huduwa. Ni kaina ba na taɓa shi. Ka huda shi, ba tsagewa zai yi ba, zubewa zai yi gaba ɗaya kamar gishiri."

"Kai ne dai ba ka iya ba."

Mai Gilashi ya ɗago ya dube shi daga sama har ƙasa. "Allah ya ba da sa'a. In za ka yi, ka kira ni. Ban taɓa ganin irinsa da ido ba."

Na-Iya ya ɗauki wannan a matsayin yabo. Da ya koma gida ya leƙa kusurwar tankin, sai ga tambari ɓaro-ɓaro. Ya yi murmushi. Tambari ai alamar kaya mai kyau ce, kowa ya san haka. Kaya mai kyau kuma shi ne zai jure huda. Mai Gilashi dai so yake a kawo masa aikin, shi ya sa yake tsoratar da mutane.

Washegari ya nufi kasuwa. Ya tambayi bakin lu'ulu'un a shago ɗaya, da ya ji kuɗinsa ya ce ai shi ba aure zai yi da shi ba. Ya gangara wurin masu baza tsofaffin ƙarafa a ƙasa. Nan ya samo injin huda mai wayar da aka ɗaure da leda a wuri uku, da bakin huda bangon siminti mai tsatsa, da kan famfo na roba irin na bokitin wanke hannu, da gam ɗin like takalmi. Mai kayan ya nuna masa wani ɗan maɓalli mai hoton guduma a jikin injin.

"In abu ya yi maka taurin kai, ka tura wannan. Ko dutse ne sai ya ba ka hanya."

"Na iya," in ji Na-Iya.

A yi masa adalci, ya yi gwaji. Ya fara da gilashin tagar kicin. Ya zare guda, ya ɗora a kan tebur, ya danna: tas! Ya ce wannan tsoho ne. Ya zare na biyu: tas! Ya ce wannan kuma rana ce ta cinye shi. Zuwa la'asar tagar kicin ta zama ƙofa, kajin maƙwabta ma da suna tashi sama da sun shigo. Auta ta like wurin da kwali.

Ya sauka wurin Mai Aski ya ari ƙaramin madubin da ake nuna wa mutum ƙeyarsa, wai zai duba bayan tanki. Ya dawo da shi gida biyu.

Mai Aski ya juya su a hannu. "Injiniya, ɗaya na ba ka."

"To ba ga shi ka samu biyu ba? Ka nuna wa mutum biyu a lokaci guda."

"Allah ya isa tsakanina da kai, har da fankata."

Ya gwada kwalba, kwalba ta yanke shi a babban yatsa. Ya gwada murfin tukunyar Auta na gilashi, wanda yayarta ta ba ta. Shi wannan bai ma tsage ba, rugujewa ya yi ƙwaya-ƙwaya ya cika kicin. Auta ta durƙusa ta tsinto wani ɗan gutsure, ta miƙa masa.

"Maigida, duba. Irin tambarin da ke jikin tankin Baba ne."

Ya karɓa ya duba, ya jefar. "Na jabu ne. Har tambari suke kwaikwaya yanzu."

A sati na uku Allah ya jarrabi layin nan da nasara. Na-Iya ya sauke agogon bango, ya cire fuskarsa, ya danna inji, sai ga huda zagaye sumul. Ya yi ihu har kifin suka watse. Ya zura igiya a hudar ya rataya a wuya, ya bi shago-shago yana nunawa.

Tela ya ƙwanƙwasa da farce. "Wannan ai roba ce."

"Ido yana wucewa ko ba ya wucewa?"

"Yana wucewa."

"To me ya raba ta da gilashi? Uwa ɗaya uba ɗaya. Gobe da hantsi kowa ya hau sama. Wanda ya yi mini dariya ranar tiyo, ya zo ya ga yadda ake kashe tiyo."

Ana sa ran dattijon jibi, saboda haka goben ce kaɗai ta rage masa.

Da safe Auta ta yi roƙon ƙarshe. "Na ji, ka huda. Amma bari in kwashe kifin tukuna."

"Ki kwashe su mutane su ce ina shakka? Likita yana kwashe hanjin mutum kafin ya yi masa allura?"

"To a rage ruwan."

"A nan ilimin yake. Mai Gilashi da bakinsa ya ce dole ruwa ya kasance a wurin huda. Su wahala suke yi suna zubawa da kofi. Ni kuwa ga ruwa cike a bayan gilashin, a shirye. Da na ɓulla, sai in cusa famfo, in shafa gam. Ko ɗigo ba zai taɓa ƙasa ba."

Auta ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗauki tiyo ta zuƙa da bakinta, ta cika bahon wanki da manyan tukwane biyu da ruwan tankin, ta jera su a bayan kujera. Ta naɗe kafet ta kai ɗaki, ta ɗauko rariyar kicin ta soke a ƙugu.

"Wannan fa?"

"Canjin ruwan sati ne."

Hantsi na yi falo ya cika. Tela ya zo da tef ɗinsa a wuya. Mai Aski ya bar wani da rabin kai a kujera, mai rabin kan ya biyo shi da mayafin aski a jiki. Mai shayi ya zo, matan maƙwabta suka tsaya bakin ƙofa. Mai Gilashi ya zo daga ƙarshe, ya leƙa kusurwar tankin, ya ga tambari, ya nemi kujera ya hau ya tsaya a kai.

"Malam, sauko mana ka ga aiki da kyau," in ji Na-Iya.

"Daga nan na fi gani. Takalmina sabo ne."

Na-Iya ya fito da gilashin rana a ido, biro a bayan kunne, fuskar agogo a wuya. Sai da ya yi jawabi. Ya yi magana kan ƙasashen da suka ci gaba, da yadda ake danne masu basira, da yadda zai gyara shagon ƙasa idan makulli ya shigo hannunsa. Har ya yi wa Tela albishir cewa zai duba maganar zamansa a ginin.

Wayar Auta ta yi ƙara. Ta fita ta amsa, ta dawo fuskarta a sauye.

"Maigida, Yaya ne. Ya ce..."

"Bayan aiki."

"Maganar Baba ce. Likita ya..."

"Na ce bayan aiki! Mace ba ta san lokacin da ake aikin ƙwaƙwalwa ba."

"Ka tsaya ka ji, suna..."

Ya kunna inji, ƙarar ta haɗiye sauran maganar. Abin da Auta ke son faɗa kuwa shi ne an sallami dattijon tun jiya, kuma motar yayanta ta riga ta shigo unguwa.

Na-Iya ya tsuguna ya ɗora bakin injin a kan ɗigon da ya yi da biro. Bakin ya zame ya yi yawo a jikin gilashin, ya bar zane kamar sawun tsutsa. Ya ce wannan share fage ne. Ya sake ɗorawa, sai wayar injin ta yi tartsatsi a wurin ɗaurin leda, injin ya mutu.

"Ko injin ya fi mai shi hankali?" in ji Mai Aski.

Na-Iya ya sa mai rabin kai ya riƙe masa wayar a lanƙwashe, injin ya farfaɗo. Minti biyar yana ƙugi, ƙauri ya cika falo, kifin sun taru a kusurwa guda, gilashin kuwa ko gezau. Gumi ya jiƙe masa riga. A baya wata mata ta yi hamma da ƙarfi.

Tela ya ce, "Injiniya, ko a kawo tiyo?"

Wannan ce ta ƙarasa shi. Ya juya injin, ya nemo ɗan maɓallin nan mai hoton guduma.

Mai Gilashi ya ce daga kan kujera, "Kai, bari! Wallahi bari!"

"Hassada," in ji Na-Iya. Ya tura maɓallin, ya kafa ƙafa, ya danna da dukkan ƙirjinsa.

Injin ya ce da-da-da sau uku. A na huɗu gilashin gaba ɗaya ya yi fari fat, kamar an watsa masa gari. Na-Iya ya juyo yana murmushi, ya buɗe baki zai yi bayani.

Bammm!

Ruwan ya dake shi a ƙirji ya kwantar da shi rigingine. Wuta ta yi ƙara ta ɗauke a ginin duka, mai rabin kai ya yar da waya ya yi tsalle ya ɗare bayan mai shayi. Mata suka kwasa a guje suna salati. Tela ya tuna shagonsa yana daidai gindin matakala, kuma ya bar ɗinkin mutane a ƙasa, ya yi kururuwa ya bi ruwan, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas. Shi kuwa gwanin, yana kwance cikin tsakuwa da ganye, har yanzu hannunsa na sama riƙe da kan famfo yana neman inda zai cusa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi ihu ba. Auta ta zare rariya ta faɗa cikin ruwan da gwiwa, gutsattsarin gilashi na yankar ta ba ta kula ba.

"Kowa ya tsaya inda yake, kada a taka! Mai Aski, ɗaga ƙafarka, ga ɗaya nan. Malam, sauko daga kujerar nan ka jawo mini baho!"

Mai Gilashi ya sauko da sabon takalminsa ya jawo. Ta kamo ɗaya a ƙarƙashin tebur, biyu a bayan ƙofa, ɗaya a cikin takalmin mai shayi. Na biyar yana cikin mayafin mai rabin kai. Na shida kuwa a cikin rigar Na-Iya aka same shi, yana ta mutsu-mutsu, mai rigar na ihu a cire masa maciji.

Auta ta ƙirga a baho. Ta sake ƙirgawa. Shida.

"Tsohuwa," ta ce. "Ina Tsohuwa? Wayyo Allah, kifin Inna!"

Aka ɗaga kujeru, aka leƙa ƙarƙashin kabad, aka zazzage takalma. Babu. Auta ta zauna cikin ruwa ta rufe fuska, wannan karon kuka take yi sosai. Na-Iya ya tashi zaune yana tsane gilashin ranarsa.

"Ai kifi duk kifi ne. Gobe in samo wata ja, Baba da ba gani yake yi ba..."

Amma kowa ƙofa yake kallo.

Dattijon ne a tsaye, ba sanda, ba mai riƙe masa hannu, wandonsa a jiƙe har ƙauri. Babban ɗansa na bayansa. Ya haɗa tafin hannunsa biyu a gaba, ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsu, jar wutsiya na leƙowa. Yana sa ƙafa a matakala ruwa ya tarye shi, ya hango ta a hawa na uku tana buɗe baki, ya sunkuya ya ɗauke ta. Mutumin da sati uku da suka wuce ba ya ganin matakalar kanta.

Bai kalli kowa ba. Ya taka cikin gilashin ya isa baho, ya durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ya saki kifin a hankali. Tsohuwa ta kwanta a gefe ɗaya, ciki a waje, ba motsi. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a matakala. Dattijon ya sa yatsa yana kaɗa ruwan kusa da kanta, yana kaɗawa, yana kaɗawa. Can ta buɗe baki, ta rufe. Ta karkaɗa wutsiya, ta miƙe, ta shige cikin 'yan'uwanta.

Falo ya ɗauki hamdala. Na-Iya ya ga ƙofar magana ta buɗe, ya shiga da ƙafar dama.

"Ka gani ko, Baba? Duk bakwai lafiya lau, yadda ka bar su. Shi tankin dama yana da rauni daga kamfani, gara da na gano shi da wuri. Saura ƙiris fa in ɓulla. Da a ce..."

Dattijon ya miƙe. Ya bi falon da sabon idonsa a hankali: ƙarfen tankin da ya rage tsirara, kwalin tagar kicin, agogon bango ba fuska, fuskar kuma a wuyan surukinsa. Ya kalli baho da tukwanen da aka jera tun kafin ɓarna. Ya kalli gwiwoyin 'yarsa da ke zubar da jini. Sannan ya tsayar da ido a kan Na-Iya, ya daɗe.

"Ashe haka kake," ya ce. "Da aka kwance mini bandeji, likita ya tambaye ni me nake so in fara gani. Na ce kifina. Shekara uku ina kare ka, duk wanda ya kawo ƙararka in ce masa ban gani ba. To alhamdu lillahi, aikin ido ya yi kyau."

"Baba, in ka ba ni kwana biyu, da gam..."

"Me na ce ka maimaita?"

Na-Iya ya sunkuyar da kai. "Kada in gyara komai."

Dattijon ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli. Don tsabar sabo, Na-Iya har ya goge hannu a wando ya miƙa. Makullin ya wuce ta gaban hancinsa ya sauka a tafin Auta.

"Ke kika cika bahon nan?"

"Ni ce, Baba."

"Gobe ki buɗe shago. Laifina ne, da ina neman mai tsaya masa a nesa."

Auta ta damƙe makullin tana share hawaye da bayan hannu. Na-Iya ya gyara murya, ya matso kusa da ita, ya rage sauti, amma ba yadda Tela zai kasa ji ba.

"Ba komai, duk gida ne. Dama harkar shago sai da namiji mai ilimin kaya. Ni zan riƙa..."

Auta ta dube shi. Ta ɗauko bokiti da tsumma ta ɗora masa a hannu, a kan famfon da har yanzu bai saki ba.

"Ka fara daga matakala, Maigida, ka gama da shagon Tela. Wannan fa, ka iya?"

Mutanen layin nan sun rantse, tun da suka san shi, ranar ce kaɗai aka yi masa wannan tambayar ya yi shiru.